Manhajar linzami, kibod ko firinta da ke aiki a ɓoye cikin kwamfuta: yadda ake gane ta gaskiya da ta bogi

Duk wanda ya taɓa buɗe Task Manager, wato wurin da ke nuna manhajojin da ke gudana, a kwamfuta mai Windows ya ci karo da sunaye irin su lghub_agent.exe, RtkAudUService64.exe ko SynTPEnh.exe, bai san ranar da suka shigo ba, bai kuma san abin da suke yi ba. Galibinsu na kamfanonin da suka ƙera linzami, kibod, sifika ko firinta ne. Kaɗan daga ciki kuwa shigar burtu suka yi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a kan wannan al'amari. Tun farko ka riƙe cewa abubuwa uku ne ake bincika, kuma kowanne da amsarsa: manhajar ta kamfanin ce da gaske? Idan tasu ce, ba ta da wata kafa da ɓarawo zai bi? Kuma kana buƙatarta ma kuwa?

Me ya sa linzami ko firinta ke buƙatar manhaja mai aiki kullum?

Ainihin aikin ba ya buƙatarta. Ka soka linzami ko kibod a USB, Windows zai gane su da direban da ya zo da shi, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, ka yi rubutu ka yi danne-dannenka lafiya. Manhajar kamfani tana zuwa ne saboda ƙarin abubuwa: canza aikin maɓallan gefe, saurin linzami, launin fitilu, nuna sauran cajin batir, sanar da kai tawada ta kusa ƙarewa. Don ta yi wannan dole ta tashi tare da kwamfutar ta zauna tana sauraron na'urar. Shi ya sa Logitech ke da G HUB da Options+, Razer ke da Synapse, Corsair ke da iCUE, SteelSeries ke da GG. A laptop kuma akwai na allon shafawa daga Synaptics ko ELAN, da na sauti daga Realtek.

Sau da yawa manhaja ɗaya takan fito da sunaye uku ko huɗu a jerin. G HUB alal misali tana da lghub.exe, da lghub_agent.exe, da lghub_updater.exe mai neman sabuntawa. Yawan sunayen shi kaɗai ba alamar cuta ba ne.

Ban taɓa saka ta ba, ta ina ta shigo?

Hanyoyi uku aka fi gani. Ko ta zo da kwamfutar daga masana'anta, ko Windows Update ya sauko da ita da kansa a ranar da ka soka sabuwar na'ura, ko kuma mai gyara ne ya zuba ta lokacin da ya yi maka sabon Windows. Ta ukun ce ta fi buƙatar sa ido. Masu gyara da yawa suna da filas guda cike da direbobi da manhajojin da aka fasa, ita suke soka wa kowace kwamfuta da ta zo shago. Ba mugunta ba ce, sauri ne da tsadar data. Amma idan cuta ta shiga wannan filas, duk wanda ya kawo gyara zai tafi gida da rabonsa.

Na nemi sunan a Google, an ce na Logitech ne. Ai shi ke nan ko?

A'a. Kama da wane ba ta wane ba ce. Kowa na iya sa wa fayil sunan da ya ga dama, kuma masu ƙera ƙwayoyin cuta sun san mutane suna tsayawa ne a kan suna. Wani lokaci sunan daidai yake harafi bayan harafi, wani lokaci kuma a sauya harafi guda: a sa lamba 1 a gurbin l, ko 0 a gurbin o, ko a rubuta scvhost a maimakon svchost, wanda fayil ne na Windows na gaskiya.

Akwai kuma matsala da su kansu shafukan da ke fitowa idan ka nemi sunan fayil. Da yawa daga cikinsu inji ne ya cika su, rubutu iri ɗaya ga kowane suna, ƙarshensu kuma su ce ka sauke wata manhajar gyara kwamfuta. Kada ka sauke. Abin da Google zai iya gaya maka shi ne akwai fayil na gaskiya mai wannan suna. Ko wanda ke cikin kwamfutarka shi ne, wannan sai ka duba da kanka.

To daga ina zan fara?

Daga inda fayil ɗin yake zaune. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Nemo sunan, ka danna masa maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open file location. Foldar da ta buɗe ita ce shaida ta farko.

G HUB ta gaskiya tana cikin C:\Program Files\LGHUB. Options+ tana C:\Program Files\LogiOptionsPlus. Kayan Razer da na Corsair suna cikin Program Files ƙarƙashin sunan kamfanin. Direbobin sauti da na allon shafawa na zamanin nan sukan zauna a cikin C:\Windows\System32, sau da yawa can ƙarƙashin DriverStore\FileRepository a wata folda mai dogon suna da lambobi barkatai. Wannan dogon suna kada ya tsorata ka, haka Windows yake ajiye direbobi.

Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne ka ga mai suna irin na Realtek ko Logitech yana gudana daga Temp, ko Downloads, ko C:\Users\Public, ko wata folda a AppData mai suna marar ma'ana. Dalili kuwa, rubutu a cikin Program Files da System32 sai da izinin admin, amma waɗancan wuraren kowace manhaja na iya ajiye kayanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Gaskiya ne wasu manhajoji na ƙwarai ma suna zama a AppData, don haka ganin ta can bai yanke hukunci ba, sai dai ya wajabta mataki na gaba.

Sannan ka yi wa kanka tambayar da mutane ke mantawa da ita: ina da wannan na'urar kuwa? Idan ba ka taɓa soka wani abu na Razer ba, kuma kwamfutar ba ta hannu ba ce, me manhajar Razer take yi a ciki?

Mene ne sa hannun dijital, kuma yaya ake duba shi?

Kamfani yakan rufe fayil ɗinsa da wani hatimi na lissafi wanda ke nuna abu biyu: wane ne ya fitar da shi, da kuma cewa ba a taɓa ko harafi ɗaya a ciki ba tun da aka rufe. A foldar da ka buɗe ɗazu, danna dama a kan fayil ɗin, ka shiga Properties, ka nemi shafin Digital Signatures. Zaɓi sunan da ke wurin, ka danna Details. Abin da kake so ka gani shi ne jimlar This digital signature is OK, da sunan kamfanin da ya dace: Logitech Inc, Razer USA Ltd, Corsair Memory, Realtek Semiconductor Corp. Direbobi da yawa za ka ga Microsoft Windows Hardware Compatibility Publisher a kansu, wato sun bi ta hannun Microsoft.

Kada ka rikita wannan da shafin Details na cikin Properties, inda ake rubuta sunan kamfani da bayanin fayil. Wancan rubutu ne kawai, kowa na iya cika shi da abin da yake so.

Akwai wani wuri da mutane kan ruɗe. Fayilolin Windows da wasu direbobi ba su da shafin Digital Signatures sam, domin hatiminsu yana cikin wani kundi na daban. Don irin waɗannan, buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta Get-AuthenticodeSignature sannan cikakken adireshin fayil ɗin. Idan ya ce Valid, da kyau. Idan ya ce NotSigned ga fayil mai iƙirarin na babban kamfani ne, akwai magana. Idan kuwa HashMismatch ya fito, an taɓa fayil ɗin bayan an rufe shi, kuma wannan ba abin sasantawa ba ne.

Idan sa hannun ya inganta, hankalina ya kwanta?

Ya kwanta da kaso mai yawa, amma ba duka ba, kuma a nan ne tarihi yake da abin faɗa.

Ana satar hatimin kansa. Stuxnet, cutar da aka gano a 2010 wadda ta lalata injunan nukiliyar Iran, ta yi amfani da direbobi masu ɗauke da hatimin Realtek da JMicron, kamfanoni biyu na Taiwan, waɗanda aka sace. A 2022 ma, bayan kutsen da ƙungiyar Lapsus$ ta yi wa Nvidia, an ga ƙwayoyin cuta ɗauke da hatimin kamfanin.

Wani lokaci kuma gidan kamfanin ake shiga. A watan Maris 2019 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bayyana cewa masu kutse sun gurɓata ASUS Live Update, manhajar da ke sabunta direbobi a kwamfutocin ASUS, tsakanin Yuni da Nuwamba 2018. Fayil ɗin yana da hatimin ASUS na gaske, daga rumbun ASUS ya sauko. Masu amfani da Kaspersky fiye da 57,000 ne suka karɓe shi, ko da yake kwamfutoci kusan 600 kawai maharan suke nema.

Na baya-bayan nan sun fi kusa da maganarmu. A 2025 kamfanin Endgame Gear na Jamus ya amsa cewa manhajar saita wani linzaminsa, wadda ke shafinsa daga 26 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli, tana ɗauke da cuta. A watan Mayu na shekarar kuma kamfanin tsaro na G Data ya tabbatar da cewa manhajojin firintocin Procolored sun daɗe suna yawo da cuta iri biyu, ɗaya tana buɗe wa masu kutse ƙofa, ɗaya kuma tana sauya adireshin bitcoin da mutum ya kwafa zuwa na ɓarayi. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, kuma ba dalili ba ne na barin duba hatimi. Dalili ne na ƙara shaida ta uku.

Wace ce shaida ta ukun?

VirusTotal. Shafi ne da aka fara a Spain a 2004, Google ya saye shi a 2012. Ka ɗora fayil, injunan riga-kafi kusan 70 su duba shi a lokaci guda, kyauta. Idan datarka ba ta da yawa ba sai ka ɗora fayil ɗin ba: rubuta Get-FileHash da adireshin fayil a PowerShell, ka kwafi doguwar lambar da ta fito, ka liƙa a wurin bincike na shafin.

Karanta sakamakon yana son natsuwa. Inji ɗaya ko biyu daga cikin 70, musamman waɗanda ba a san su ba, sau da yawa kuskure ne. Goma ko ashirin, har da manya irin su Microsoft, Kaspersky, ESET da Bitdefender, wannan cuta ce. Sifili kuma ba wankewa ba ce idan yau aka fara ganin fayil ɗin a duniya. Duba shafin Details a nan, za ka ga ranar da aka fara ɗora shi. Manhajar Logitech da miliyoyin mutane ke amfani da ita ba za ta zama baƙuwa ga VirusTotal ba.

Gargaɗi ɗaya: abin da ka ɗora, kamfanonin tsaro masu biyan kuɗi suna iya sauke shi. Fayil na manhaja ba komai. Takardun ofis ko hoton katin banki kuwa, kada ka kuskura.

Sai na bi kowane suna ɗaya bayan ɗaya?

Akwai gajeriyar hanya. Process Explorer da Autoruns ƙananan manhajoji ne na Sysinternals, wanda Mark Russinovich yana cikin waɗanda suka kafa shi, Microsoft kuma ya saye shi a 2006. Daga shafin Microsoft ake sauke su, kyauta. A Process Explorer ka shiga Options ka kunna Verify Image Signatures da Check VirusTotal.com, zai duba duk abin da ke gudana a lokaci ɗaya. Autoruns kuma yana nuna duk abin da ke tashi tare da kwamfuta, har waɗanda Task Manager ba ya nunawa, kuma yana shafa wa marasa ingantaccen hatimi launin hoda. A ganina duk mai gyaran kwamfuta ya kamata waɗannan biyun su kasance a filas ɗinsa kafin komai.

Manhaja ta gaskiya za ta iya cutar da ni?

Ƙwarai, kuma wannan amsar ta shafi masu laptop na hannu kai tsaye. A watan Mayu 2017 kamfanin modzero na Switzerland ya gano cewa MicTray64.exe, wani ɓangare na direban sauti na Conexant a kwamfutocin HP, yana rubuta duk abin da aka danna a kibod cikin wani fayil, C:\Users\Public\MicTray.log. Aikin MicTray64.exe shi ne sauraron maɓallin kashe makirfo, amma yadda aka gina shi har kalmomin sirri yake kwashewa. Ba a same shi yana aika wa kowa ba, sai dai duk wata manhaja a kwamfutar tana iya karanta fayil ɗin. Cikin samfuran da abin ya shafa akwai EliteBook 820, 840 da 850 G3, da ProBook 640 da 650 G2, irin waɗanda suka cika kasuwannin kwamfutocin hannu. HP ya fitar da gyara tun lokacin, amma idan mai gyara ya saka maka tsohon direba, matsalar na iya dawowa. Minti ɗaya ya isa ka leƙa foldar Public. Idan ka ga MicTray.log da rubutu a ciki, ka goge shi, ka sauko da sabon direba daga shafin HP, ka canza kalmomin sirrinka. A Disamba na shekarar an sake samun makamancin haka a direban Synaptics na samfuran HP fiye da 460, sai dai shi a kashe yake sai an kunna.

A 2018 Tavis Ormandy na Google ya gano cewa Logitech Options tana buɗe wata ƙofa a kwamfuta wadda kowane shafin intanet zai iya bi ya aika danne-dannen kibod. An gyara a Disamba. A watan Agusta 2021 kuma aka nuna cewa soka linzamin Razer kawai a Windows 10 ko 11 na iya ba mutum cikakken iko da kwamfutar, saboda Windows ne yake sauko da Synapse ya buɗe ta da mafi girman izini. Kwanaki kaɗan bayan haka aka samu irinsa a SteelSeries. Masu kafe da ofisoshi inda kowa ke zama gaban kwamfuta, wannan naku ne.

Duk waɗannan sun ci jarrabawar wuri da ta hatimi. Maganinsu sabuntawa ne, ko cire abin da ba a amfani da shi.

Defender, riga-kafin da ke zuwa da Windows, ya kama manhajar fanka ko ta fitilu. Ƙarya yake yi?

Idan sunan da ya nuna yana da WinRing0, labarin yana da fuska biyu. WinRing0 tsohon direba ne da manhajojin sarrafa fanka da fitilu da yawa suka jingina da shi, irin su Fan Control da OpenRGB. A watan Maris 2025 Microsoft Defender ya fara kama shi. Shi kansa ba ƙwayar cuta ba ne, amma yana da sanannen rauni da ke ba kowace manhaja damar taɓa can cikin tsarin kwamfuta, kuma masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye sun yi amfani da shi. Ka nemi sabon sigar manhajar. Idan kuma ba ka taɓa saka wata manhajar fanka ko fitilu ba amma ga WinRing0, ka bincika sosai.

Tana cin RAM da data, fanka na ta ƙara. Cuta ce?

Ba lallai ba. Synapse, iCUE da G HUB masu nauyi ne tun asali, wani lokaci kuma sukan maƙale su riƙe CPU har sai an sake kunna su. Abin zargi shi ne wadda ke cin CPU sosai, amma da ka buɗe Task Manager sai ta lafa, domin masu haƙar kirifto suna yin wannan dabara. Don ganin inda take magana a intanet, rubuta resmon a wurin bincike na Windows ka shiga shafin Network. Leƙa rumbun kamfani jefi-jefi don neman sabuntawa abu ne da aka saba. Aika bayanai ba tsayawa daga manhajar linzami kuwa ba shi da dalili.

Ta gaskiya ce amma ba na son ta. In goge fayil ɗin?

Kada ka goge da hannu, musamman a System32. Idan so kake ka gwada, kashe ta a shafin Startup na Task Manager ka sake kunna kwamfutar. Idan ba ka rasa komai ba, cire ta ta Settings, sashen Apps. Linzamai da kibod da yawa na wasanni suna da ma'ajiya a jikinsu, ka saita sau ɗaya ka adana a ciki, sannan ka cire manhajar. Yi hattara da na allon shafawa, na sauti da na maɓallan Fn, domin cire su na iya kashe shafawa da yatsu biyu, ko kwamfutar ta daina gane an soka abin sauraro. Firinta kuma, idan bugawa kawai kake yi, direba zalla ya wadatar, ba sai babban kunshin kamfani ba.

A ina zan sauko da ta gaskiya?

Ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, ko ka bar Windows Update ya kawo. Sakamakon farko a Google sau da yawa talla ce, kuma a Disamba 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna sayen waɗannan tallace-tallace da sunan manyan kamfanoni. Manhajojin da ke alkawarin sabunta maka dukan direbobi da dannawa ɗaya, ka bar su inda ka gan su.

Na tabbatar ta bogi ce. Me zan yi yanzu?

Kashe intanet tukuna. Shiga Windows Security, ƙarƙashin Virus & threat protection ka buɗe Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Zai sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin cutar ta farka. Daga wata na'ura daban, kamar wayarka, ka canza kalmomin sirri, ka fara da imel domin ta nan ake ƙwace sauran, sannan banki da shafukan sada zumunta, ka kuma fitar da asusunka daga dukan na'urorin da yake buɗe, saboda irin waɗannan cututtuka suna satar shaidar shiga da burauza ke ajiyewa. Idan akwai bayanan katin banki a burauzar, ka kira banki su rufe katin. Filas ɗin da ka soka a 'yan kwanakin nan ma a bincika su. Idan kwamfutar ta kasuwanci ce, ko cutar ta dawo bayan an cire ta, ka kwashe takardunka kawai ban da manhajoji, ka yi sabon Windows da kwafin da aka sauko daga shafin Microsoft.